KAFIN A CIKE TAKARDAR SHIGA JAMI'A: DARASI DAGA GIDAN SARKI DAWUDA

Karatu: 2 Sama'ila 13:1-22, Maimaitawar Shari'a 22:8, 25-27, Rut 2:8-16

Kowace shekara, idan hukumar JAMB ta buɗe rajistar jarrabawar shiga jami'a, gidajen masu bi da yawa sukan shiga shawara. Uba yana lissafin kuɗin makaranta, uwa tana tunanin nisan tafiya, yarinya kuma tana duba inda makinta zai kai ta, da inda ake koyar da kwas ɗin da zuciyarta take so. Akwai wata tambaya da take zaune a zuciyar kowannensu, amma kunya takan hana a furta ta: idan ta tafi, za ta dawo lafiya, da mutuncinta? Idan wani ya nemi cutar da ita a can, wa zai ji kukanta?

Wannan tambaya ba alamar rashin bangaskiya ba ce. Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar yin maganar fyaɗe ba, ya rubuta labarinsa dalla-dalla, har da sunan gidan da abin ya faru. Abin da Maganar Allah ta faɗa a fili, bai kamata gidan mai bi ya riƙa raɗa a kansa ba.

Abin da ya faru a gidan sarki

Tamar 'yar Sarki Dawuda ce, ƙanwar Absalom. Amnon kuwa ɗan farin sarki ne, ubansu ɗaya da ita. Sha'awarta ta kama Amnon har ya rame. Yana da aboki mai wayo, Yonadab, ɗan ɗan'uwan Dawuda, wanda ya tsara masa dabara: ya kwanta kamar marar lafiya, in mahaifinsa ya zo dubiya ya roƙa a aiko Tamar ta shirya masa abinci. Haka aka yi. Dawuda da kansa ya aika wa 'yarsa ta tafi. Ta tafi cikin biyayya, ta kwaɓa gari, ta toya waina a gabansa. Sai Amnon ya sallami kowa daga ɗakin.

Tamar ba ta yi shiru ba. Ta ƙi, ta roƙe shi, ta tuna masa da cewa ba a yin irin wannan aika-aika a cikin jama'ar Allah, ta nuna masa kunyar da za ta bi ta, da zubar da girman da zai bi shi. Bai saurara ba. Ya fi ta ƙarfi, ya yi mata fyaɗe. Da ya gama, sai ƙiyayya ta maye gurbin abin da yake kira ƙauna, ya sa baransa ya tura ta waje ya kulle ƙofa. Ta zuba toka a ka, ta keta rigar ado da 'ya'yan sarki budurwai suke sawa, ta ɗora hannu a ka, ta tafi tana kuka a fili.

Mutum biyu ne suke da ikon share mata hawaye. Absalom ya ce mata ta yi shiru, wai ai ɗan'uwanta ne, kada ta sa abin a rai. Dawuda ya ji labari, ya husata ƙwarai, amma nassin bai nuna ya ɗauki wani mataki ba. Tamar ta zauna a gidan Absalom a kaɗaice, kamar gidan da aka yashe. Bayan shekara 2, Absalom ya sa aka kashe Amnon a wurin bikin sausayar tumaki, daga nan gidan Dawuda ya tsage har ya kai ga tawaye da yaƙi. Shirun da aka yi don a rufa asirin gida shi ne ya rushe gidan.

Akwai abu 4 a wannan labari da ya kamata iyaye su riƙe. Wanda ya cuci Tamar sananne ne gare ta, mai matsayi kuma. An yi amfani da biyayyarta aka kai ta inda za a cuce ta. An tabbatar babu shaida a ɗakin. Da ta yi kuka, ba a sami wanda ya tsaya mata ba. Duk wanda ya bi labaran cin zarafin ɗalibai mata a manyan makarantu zai ga waɗannan abubuwa suna maimaita kansu.

Abin da ƙasar nan ta gani

A shekarar 2018, wata murya da aka naɗa a waya ta bazu a ƙasa, inda aka ji wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, Richard Akindele, yana neman ɗalibarsa da lalata don ya ƙara mata maki. Jami'ar ta kore shi daga aiki, hukumar ICPC ta kai shi kotu, a watan Disamba na wannan shekara Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta yanke masa ɗaurin shekara 2.

A watan Oktoba na 2019, sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da wani rahoto na hoto da aka ɗauka a ɓoye a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana. 'Yan jarida mata sun shiga ofisoshin malamai a matsayin ɗalibai, ɗaya ma ta nuna kanta a matsayin 'yar shekara 17 mai neman gurbin karatu. Wadda ta jagoranci binciken, Kiki Mordi, ta bayyana cewa ita kanta ta bar jami'a ba ta gama ba saboda wani malami da ya riƙe mata sakamako don ta ƙi amince masa. Abin da ya fi sosa zuciyar masu bi shi ne, ɗaya daga cikin malaman da aka nuna a Legas fasto ne a wata ikilisiya. Jami'ar ta dakatar da malamai 2, daga baya ta kore su a 2021.

A watan Mayu na 2020, Uwaila Omozuwa, 'yar shekara 22, ɗaliba a Jami'ar Benin, ta shiga wata majami'a a Benin don ta yi karatu a wurin da babu hayaniya. A can aka far mata, aka yi mata fyaɗe da mummunan duka, ta rasu bayan 'yan kwanaki. A watan Yuni na shekarar, gwamnonin jihohin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. A 2023 kuma, ɗalibai mata na tsangayar koyon aikin lauya a Jami'ar Kalaba suka fito zanga-zanga da kwalaye suna ƙarar shugaban tsangayarsu, aka dakatar da shi, ICPC ta gurfanar da shi a Abuja.

Akwai kuma haɗarin da yake zuwa daga waje. A watan Afrilu na 2021 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai daga Jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, suka kashe 5 daga cikinsu. A watan Satumba na 2023 aka sace ɗalibai fiye da 20 na Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen haya na Sabon Gida da ke wajen makaranta.

Waɗannan makarantu suna Kudu da Arewa, akwai ta gwamnati akwai ta 'yan kasuwa. Babu wani yanki ko wata ƙabila da za ta nuna wa wata yatsa.

Tsoro ba zai zama mai ba da shawara ba

Wani uba, da jin waɗannan labarai, zai ce gara yarinya ta zauna a gida, ko a aurar da ita. Ya kamata ya tuna cewa a cikin gidan sarki aka cuci Tamar, ba a kan hanya ba. Gida ba ya zama mafaka don sunansa gida kawai. Ƙari ga haka, ikilisiyar da ta yi shekaru tana gina makarantun 'yan mata tun zamanin mishan, wadda asibitocinta da makarantunta suke tsaye a kan ƙafafun mata masu ilimi, ba za ta juya ta binne baiwar da Allah ya ba 'ya'yanta mata ba. Hana yarinya karatu saboda laifin maza horo ne ga marar laifi.

Shari'ar Musa ta nuna hanyar da ta fi. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya zagaye rufin soronsa da rawani, wato ɗan katangar da take hana mutum faɗowa, domin kada alhakin jini ya hau kan gidan. Ba a hana mutane hawa soro ba. An dai ɗora wa mai gida nauyin gina kariya tun kafin wani ya faɗi. Tun ran gini ran zane. Aikin iyaye a lokacin zaɓen jami'a shi ne su duba ko soron da 'yarsu za ta hau yana da rawani.

Tambayoyin da za a yi kafin a zaɓa

Ta farko: idan ɗaliba ta kai ƙara, ina take kaiwa, me kuma yake biyo baya? Makarantar kirki tana da rubutacciyar ƙa'ida a kan cin zarafi, da ofishi ko kwamitin da yake karɓar ƙara ba tare da ta bi ta hannun sashen malamin da ake ƙara ba. A tambaya ko makarantar ta taɓa hukunta wani. A nan iyaye da yawa sukan yi kuskuren lissafi: sukan guji makarantar da sunanta ya fito a jarida don ta kori malami, su runguma wadda ba a taɓa jin komai a kanta ba. Korar mai laifi shaida ce cewa akwai kunnen da yake ji. Shiru kuwa yana iya zama na lafiya, yana kuma iya zama irin na gidan Absalom.

Ta biyu: yaya ake tsare makin ɗalibi? Makamin malami marar tsoron Allah shi ne maki. Yakan kayar da yarinya a kwas ɗin da dole sai ta ci kafin ta gama, ko takardar jarrabawarta ta ɓace, ko ya ƙi sa hannu a kundin bincikenta na shekarar ƙarshe har sa'o'inta su tafi bautar ƙasa su bar ta. Saboda haka a bincika ko ɗalibi yana da ikon neman a sake duba takardarsa ta hannun wani malami dabam, ko ana fitar da sakamako a kan lokaci, ko kuma ana iya sauya wa ɗaliba mai duba bincikenta idan ta kawo dalili.

Ta uku: ina za ta kwana? A jami'o'in gwamnati da yawa ɗakunan kwana ba sa isar ɗalibai, sai yawancinsu su kama haya a unguwannin da ke kewaye. Gani ya kori ji. Uba ko uwa, ko wani amintacce, ya taka ya ga wurin da idonsa, da rana da kuma bayan magariba. Akwai katanga da ƙofa mai kulluwa? Su wa suke zaune a gidan? Banɗaki da wurin ɗiban ruwa a ciki suke ko a waje? Hanyar da za ta bi daga ɗakin karatu da dare tana da haske da mutane? Ɗaki mai araha a bakin daji yana iya zama mafi tsada a ƙarshe.

Ta huɗu: akwai asibiti, akwai kuma ma'aikatan da za su karɓi yarinya ba tare da tozarta ta ba? Kowace uwa ta sani, ta kuma gaya wa 'yarta, cewa idan mugun abu ya faru akwai maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau, amma dole a fara shansa cikin awa 72, da sauri kuwa ya fi. Zuwa asibiti nan da nan, kafin wanka da wanke tufafi, yana kuma adana shaidar da kotu za ta nema. Tun da aka buɗe Cibiyar Mirabel a Legas a 2013, jihohi da dama sun kafa irin waɗannan cibiyoyi na taimakon waɗanda aka ci zarafinsu. Yana da kyau a san wadda ta fi kusa da makarantar.

Ta biyar: ta wace ƙofa za ta shiga? Tarko yakan fara tun kafin a sami gurbin karatu, a hannun masu cewa sun san wani a ciki. Tun 2017 JAMB take bi da ba da gurbi ta tsarinta na intanet da ake kira CAPS, inda ɗalibi yake ganin gurbinsa ya karɓa da kansa. Kada a tura yarinya ita kaɗai ofishi ko gidan wani mutum don neman alfarma. Dawuda ne ya aiki Tamar, da kyakkyawar niyya, ba tare da ya yi tambaya ba.

Ta shida: aljihun gida zai iya riƙe ta a can? Yarinyar da aka ajiye a makaranta ba kuɗin abinci, ba na littafi, an bar ta a hannun duk wanda ya miƙo taimako mai ƙugiya. Gara makarantar da iyaye za su iya ɗauka har ƙarshe da mai babban suna wadda za ta bar yarinya tana roƙo. A 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun lamunin ɗalibai na NELFUND domin ɗaliban makarantun gwamnati, iyaye su bincika shi. Zumuntar Mata da dattawan ikilisiya kuma su san ɗaliban da suke cikin ƙunci, musamman marayu.

Amsoshin waɗannan tambayoyi ba a takardar talla suke ba. Da ɗan gari akan ci gari: ɗalibai mata da suke aji 3 ko 4, da waɗanda suka gama kwanan nan, sun san ofishin da ba a shiga, da hanyar da ba a bi.

Jami'o'in ikilisiya fa?

Ikilisiyoyi sun kafa jami'o'insu, kamar Babcock a Ilishan-Remo, Bowen a Iwo, Bingham a Karu, Jami'ar Mkar a Binuwai, da Karl Kumm a Vom. Irin waɗannan makarantu sukan ajiye ɗalibai a ciki, da dokokin fita da shiga, da sujada, wannan kuwa abin godiya ne ga wanda yake da halin biya. Duk da haka sunan Almasihu a kan ƙofa ba ya ɗauke wa iyaye nauyin yin tambayoyin nan guda 6. 'Ya'yan Eli firist, Hofni da Finehas, a bakin ƙofar alfarwa ta sujada suke lalata da matan da suke hidima, mahaifinsu ya tsawata musu da baki kawai ya bar su a kan aiki, Allah kuwa ya hukunta gidan duka (1 Sama'ila 2 zuwa 4). Jarabar da take fuskantar kowace cibiya ta ikilisiya ita ce ta rufe magana don kare suna. Sunan Ubangiji ba ya bukatar a kare shi da hawayen yarinya.

Haka ma zumuntar ɗalibai, irin su FCS da NIFES. Su ne iyalin ɗalibi a baƙon wuri, kowace yarinya ta nemi shiga. Amma ta sani cewa babu shugaban zumunta, ko fasto, ko malami, da yake da ikon kiranta addu'a ko shawara a ɗakin da aka kulle. Wanda ya fara sallamar mutane daga ɗaki ya bi sawun Amnon.

Laifin wane ne?

Idan irin wannan abu ya faru, akan ji mutane suna cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Suna tambayar me ta sa, me ya kai ta. Kamunkai da suturar mutunci koyarwar ikilisiya ce, ga mata da maza, za a kuwa ci gaba da koyar da ita. Amma Tamar rigar 'ya'yan sarki take sanye da ita, Uwaila kuma littafi ne a hannunta a cikin majami'a. Maimaitawar Shari'a 22:25-27 ta yanke hukunci tun da daɗewa: yarinyar da aka fi ƙarfinta ba ta da laifi, an kwatanta lamarinta da na mutumin da maƙwabcinsa ya tasar masa ya kashe shi. Ba a tambayar wanda aka kashe dalilin da ya sa ya mutu.

Dokar ƙasa ma haka ta tsaya. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka sa wa hannu domin Abuja, jihohi da yawa kuma suka karɓe ta daga baya, ta tanadi hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin rai da rai a kan fyaɗe. Fyaɗe babban laifi ne, ba rikicin gida ba ne da dattawa za su sasanta a bayan majami'a da ban haƙuri da ɗan kuɗi. Gafara umarnin Ubangiji ce, amma gafara ba ta soke shari'a, ba ta kuma ba mai laifi damar zuwa ga yarinya ta gaba. Romawa 13 ta nuna cewa hukuma ma'aikaciyar Allah ce don hukunta mai mugunta.

Saboda haka rawani mafi muhimmanci a gida ake gina shi. Yarinya da yawa sukan yi shiru don tsoron abin da za a ce a gida ya fi tsoron wanda ya cuce su. Kafin ta ɗauki akwatinta, uwa da uba su zaunar da ita su gaya mata da baki: ko me ya faru, ko a ina, ko da wane ne, ta kira gida; za a gaskata ta, ba za a cire ta daga makaranta a matsayin horo ba; faɗuwa a kwas ko ƙarin shekara ɗaya bai kai mutuncinta daraja ba. Ta adana saƙonnin waya, ta gaya wa wani tun daga magana ta farko da ba ta dace ba. Mai cin zarafi yana dogara ne ga kunyar yarinya. Ranar da ta san gida yana bayanta, an karya masa rabin ƙarfinsa.

Ana neman Bo'aza

Amnon da Yonadab ma 'ya'yan wani gida ne. Iyayen da suke fargaba domin 'ya'yansu mata su tambayi kansu irin 'ya'ya mazan da suke aikawa makarantun nan. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A koya wa saurayi cewa a'a tana nufin a'a, cewa ƙarfi amana ne, cewa abokin da yake tsara masa dabarar yaudarar yarinya maƙiyinsa ne, ƙungiyar asiri kuma kabari ce.

Rut baƙuwa ce, gwauruwa, matalauciya, tana kala a gonar wani. Bo'aza, mai gonar, yana da duk ikon da zai cuce ta ba wanda zai tambaye shi. Maimakon haka ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta, ya nuna mata inda za ta sha ruwa, ya sa ta cikin 'yan matansa, ya hana a kunyata ta. Ikilisiya tana da 'ya'ya a kusan kowace jami'a a ƙasar nan: farfesoshi, magatakarda, masu kula da ɗakin kwana, ma'aikatan jinya, masu gadi. Kowannensu an ba shi gona. Malami mai bi da ya san abin da abokin aikinsa yake yi ya kau da kai, ya zauna a kujerar Dawuda, ya husata a zuci bai yi komai ba. Wanda ya buɗe baki, ko da zai rasa abokai, shi ne Bo'aza na wannan zamani.

Bari Ubangiji, uban marayu, mai jin kukan waɗanda aka zalunta, ya ba iyaye hikimar zaɓe, ya kiyaye fitar 'ya'yansu da shigarsu, ya warkar da kowace Tamar da take zaune shiru a cikin jama'arsa, ya kuma ba ikilisiyarsa ƙarfin halin tsaya mata. Amin.